Allon da Bai Iso Birnin Gwari Ba: Tarihin Talabijin na Koyar da Yara



Duk wanda ya tashi a Birnin Gwari ya san yadda gari yake bayan sallar isha'i. Inda duk aka ji ƙarar janareto, a nan za a iske yara sun yi cincirindo. Wasu suna ƙofar gidan kallo suna leƙe ta kafar langa-langa, wasu suna shagon mai cajin waya, wasu kuma su bakwai su takwas sun zagaye yayansu sun ƙura wa wayarsa ido. Mu ma haka muka tashi. Da yawanmu mun haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai kafin mu iya rubuta sunan mahaifinmu daidai, mun kuma iya kwaikwayon muryar masu fassara finafinan Indiya kafin mu iya karanta layi ɗaya a littafin Hausa.

A cikin yaran da ke wannan cincirindo yau akwai waɗanda iyayensu suka gudo da su daga ƙauyukan Randagi da Kakangi da Kuyello saboda 'yan bindiga. Za ka ga yaro ya kai shekara takwas ko tara bai taɓa zama a aji ba, domin lokacin da ya isa shiga makaranta shi ne lokacin da malamai suka bar ƙauyensu. Idonsa a buɗe yake, ƙwaƙwalwarsa tana ɗaukar duk abin da ta gani. Amma a cikin abin da yake kallo kullum, babu ko minti goma da wani ya zauna ya tsara domin yaro irinsa, da harshensa, don ya koyi baƙi da wasali da ƙirge.

Wani zai ɗauka wannan tunani baƙo ne, na ƙasashen da suka ƙoshi. Tarihi ya nuna akasin haka. An gwada koyar da yara ta akwatin talabijin da kuɗin hukuma a Kaduna, an gwada a Nijar, fiye da shekara hamsin da suka wuce. Abin da muke so mu bi diddiginsa shi ne yadda aka fara, abin da aka samu, da kuma inda aikin yake karyewa kowane lokaci.

DAGA MAJIGI ZUWA TALABIJIN NA KADUNA

Allon farko da kakanninmu suka kalla na hukuma ne. Tun zamanin Turawa, har zuwa mulkin Sardauna, motocin majigi suna zagaya garuruwa da ƙauyukan Arewa. Mota za ta iso da yamma da injinta na wuta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a haska fim ɗin tsafta ko na rigakafi ko na noma, mai bayani yana fassarawa da Hausa ta lasifika. Dattawa har yanzu suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koyar da noman auduga. Babu wanda ya biya ko kwabo a bakin ƙofa. Majigi farfagandar gwamnati ce, wannan gaskiya ne, amma akwai abin lura a tsarinta: mota ce take zuwa da allo da wuta da mai bayani har inda mutane suke. Ba a jira sai ɗan ƙauye ya sayi na'ura ba.

Ranar 31 ga Oktoba, 1959, gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Obafemi Awolowo ta buɗe gidan talabijin na WNTV a Ibadan, kuma koyarwa tana cikin manyan dalilan da aka bayar na kafa shi. Jihar Gabas ta buɗe nata a Inugu a 1960. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe Rediyo da Talabijin na Kaduna ƙarƙashin kamfanin BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila guda biyu, Granada da EMI. Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Arewa tana da sashen watsa darussa ga makarantu a Kaduna, wanda ya yi aiki da rediyo, ya kuma shiga talabijin. Malami ɗaya gwani zai tsaya gaban kyamara, ɗalibai a makarantu da yawa su kalle shi lokaci guda. A lokacin da Arewa take fama da ƙarancin malamai masu horo, dabarar ta yi ma'ana.

Sai dai hoton talabijin na wancan zamani ba kamar muryar Rediyon Kaduna ba ne, wadda take ratsa daji da duwatsu har ƙasashen maƙwabta. Hoto yana tafiya ne kusan a miƙe daga dogon ƙarfen tasha zuwa eriyar gida, da an yi nisa sai ya koma yayyafi. Mutanen Kaduna da Zariya da Kano ne suka fi morarsa. Birnin Gwari kuwa tana kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, ga daji a tsakani. Ko inda hoton ya kai, akwatin yana buƙatar lantarki, in ya lalace yana buƙatar mai gyara. Darussan kuma an yi su ne domin waɗanda suka riga suka shiga makaranta. Ɗan shekara huɗu da ke wasan ƙasa a tsakar gida ba ya cikin lissafi.

Gwamnatin Tarayya ta ci gaba da aikin. A 1976 aka fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta, yara suka cika makarantu fiye da yadda malamai za su iya ɗauka. A 1977 aka kafa cibiyar NETC a Kaduna don shirya darussan rediyo da talabijin da kayan koyarwa ga ƙasa baki ɗaya, a shekarar da dokar kafa NTA ta mayar da gidajen talabijin na jihohi hannun Tarayya. Duk wanda yake bin hanyar Zariya daga Kaduna yana wuce harabar wannan cibiya. Yau Jami'ar Karatu daga Gida, wato NOUN, ce take ciki. Manya suna neman digiri a wurin da aka gina don yi wa yara darasi. Ba mu ce jami'ar ba ta da amfani ba, amma babu wata cibiya da aka kafa ta gaji wancan aiki da irin wancan buri.

ABIN DA NIJAR TA GWADA

Maƙwabtanmu na arewa sun fi mu zurfafawa. Lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko, wadda can suke kira lakwal, ba su kai biyar cikin ɗari ba. Malamai masu takarda kuwa ƙalilan ne. A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka fara shirin koyarwa ta talabijin a Yamai da kuɗi da ƙwararrun Faransa, tun ƙasar ba ta da gidan talabijin na jama'a. Wato a Nijar 'yan firamare ne suka fara kallon talabijin kafin manya.

Bayan ɗan gwaji, a 1966 aka buɗe ajujuwa 22 masu yara kimanin 800. Kowane aji yana da akwati ɗaya da matashi ɗaya mai kula, wanda shi kansa iyakar karatunsa firamare, aka ba shi horon 'yan watanni. Kullum ana watso gajerun darussa, kowanne kamar kwata na awa, na harshe da karatu da lissafi. Ba a tsayar da malami yana ta zuba bayani ba. An yi amfani da wasan kwaikwayo da zane da abubuwan da yaran suka sani a ƙauyukansu. Da an kashe akwati sai mai kula ya ɗora: ya yi tambayoyi, ya sa yara su maimaita, su kwaikwayi abin da suka gani, su rubuta. Masu shirya darussan suna da 'yan bincike da ke zuwa ajujuwan suna duba abin da yara suka gane da wanda ya wuce su, su koma su gyara. Matsalar wuta ma an nemi maganinta, domin tun 1968 aka gwada kunna akwati da hasken rana a wata makaranta kusa da Yamai. Ku lura da shekarar, 'yan uwa. Sola da muke gani kamar sabon abu yau.

Masana daga ƙasashe da dama sun je sun gani, hukumar UNESCO ta sa shirin cikin nazarin da ta wallafa a 1967. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne yaran ba sa gudun makaranta. A tsarin da aka saba, yara da yawa suna maimaita aji ko su watsar da karatun tun ba a je ko'ina ba. A ajujuwan talabijin kusan duk waɗanda suka fara sun kai ƙarshe, kuma bakinsu ya buɗe da Faransanci.

Duk da haka shirin bai yi tsawon rai ba. Kuɗinsa da manyan ma'aikatansa daga waje suke. An gina shi a gefe, ba a cikin jikin ma'aikatar ilimi ba, don haka malamai da sufetocin makarantu da yawa suka ɗauke shi kishiya. Yaran da suka amfana 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin da ake kashewa wajen shirya darussan. Kuma da Faransanci ake koyarwa tun ranar farko, alhali yaran Zabarmanci ko Hausa suke yi a gida. A 1979 aka rufe babin, kayan aikin suka zama harsashin gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Ƙasar Kwaddebuwa ta kwaikwayi Nijar, ta yi nata mai girma daga 1971 da cibiya a Buwake, ita ma ta dakatar a 1982 bayan koke-koken iyaye da malamai da nauyin kuɗi.

SHIRIN DA AKA AUNA AMFANINSA

A daidai wannan zamani, a Amurka, wata mai shirya shirye-shirye, Joan Ganz Cooney, da wani jami'in gidauniyar Carnegie, Lloyd Morrisett, suka lura da abin da mu ma muka lura da shi a ƙofar gidan kallo: ƙananan yara suna haddace waƙoƙin talla ba tare da kowa ya koya musu ba. Suka ce in haka ne, me zai hana a koya musu haruffa da lambobi ta wannan hanya, musamman 'ya'yan talakawa da ke shiga aji ɗaya a bayan sa'o'insu? Aka tara dala miliyan 8, kusan rabi daga gwamnatin tarayya, sauran daga gidauniyoyi irin su Carnegie da Ford. Ranar 10 ga Nuwamba, 1969, aka fara nuna Sesame Street a tashoshin da ba na kasuwanci ba.

Yadda suka yi aikin ya cancanci a sani. Kafin a nuna wani yanki na shirin, sai a zaunar da yara gaban akwati, a ajiye wani allo a gefe yana canza hotuna bayan 'yan daƙiƙoƙi. In idon yaro ya bar shirin ya koma kan hotunan, an san wurin bai riƙe shi ba, sai a sake shi. Bayan haka a yi wa yaran tambayoyi a ga ko sun koyi abin da aka nufa. Marubuta da masu barkwanci da malaman jami'a ne suka zauna teburi ɗaya.

Bayan shekaru da yawa, a 2015, masana tattalin arziki biyu, Melissa Kearney da Phillip Levine, suka fito da wani bincike da ya shafe mu kai tsaye. Lokacin da aka fara shirin, kusan kashi biyu cikin uku na yaran ƙasar ne kawai suke inda ake kama shi da kyau. A wurare da yawa tashar tana kan zangon UHF, wanda hotonsa ba ya nisa kuma tsofaffin akwatuna ba sa kamawa. Sai masanan suka kwatanta yaran yankunan da hoto ya kai da na yankunan da bai kai ba. Suka gano cewa yaran da ke inda ake kamawa sun fi kasancewa a ajin da ya dace da shekarunsu, ba su faɗo baya ba, kuma amfanin ya fi fitowa a yankunan talakawa. Yara iri ɗaya, shekaru ɗaya, abin da ya raba su nisan tasha ne da irin akwatin da ke gidansu. Mu mutanen Birnin Gwari mun san ko wane ɓangare muka faɗa a irin wannan rabo.

LOKACIN DA TALLA TA KARƁI ALLO

A gida Najeriya, NTA ta yi wa yara abin kirki a shekarun 1980. Shirin tatsuniyoyi na Tales by Moonlight, wanda aka fara a 1984, ya tara yaran ƙasar nan gaban akwati duk mako. A Arewa, wasannin Samanja na marigayi Usman Baba Pategi da na marigayi Ƙasimu Yero sun nuna cewa muna da gwanayen da za su iya riƙe mai kallo da Hausa tsantsa. Gwanintar tana nan, ba a dai juya ta sosai wajen koyar da ƙananan yara karatu ba.

Daga nan tattalin arziki ya juya. Shirin SAP ya zo a 1986, aka ce hukumomin gwamnati, har da gidajen rediyo da talabijin, su fara nemo wani ɓangare na kuɗin gudanar da kansu. A 1992 aka kafa hukumar NBC, aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Wannan ya kawo 'yanci da yawan zaɓi, ba mu musa ba. Amma tashar da ke rayuwa da talla dole ta bi mai kuɗi. Mai talla yana neman wanda zai sayi katin waya ko sinadarin ɗanɗano ko ya zaɓi ɗan takara. Ɗan shekara biyar a Dogon Dawa ba ya sayen komai, ba ya jefa ƙuri'a. Shirin yara mai inganci kuma yana da tsada, domin sai an biya marubuci da mai zane da malami da mai bincike. Ɗan kasuwa ya fi samun sauƙi ya sayo tsohon katun daga waje ya cike gurbi, kuma ba za a zarge shi ba, kasuwa ya fito. Wannan shi ne dalilin da ya sa a ko'ina a duniya irin wannan aiki ya dogara da kuɗin jama'a, kamar rigakafin shan inna da rijiyar burtsatse.

Da gwamnati ta ja baya, sai baƙi suka shigo. A 2011 NTA ta fara nuna Sesame Square, wanda aka shirya a Najeriya da tallafin hukumar USAID ta Amurka, da 'yar tsana Kami da abokinta Zobi mai son doya. Daga baya aka yi na Hausa mai suna Dandalin Sesame. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ita ma da tallafin gwamnatin Amurka ta tashi. Kamfanin Ubongo na Tanzaniya ya juya wasu shirye-shiryensa na yara zuwa Hausa. Littattafan koyon karatu na Mu Karanta, da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, su ma da kuɗin USAID aka yi su. Duk ayyuka ne masu kyau, kuma 'yan ƙasarmu ne suka yi mafi yawan aikin da hannunsu. Amma kuɗin aro ne, kuma Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID, majalisar dokokinta kuma ta janye fiye da dala biliyan ɗaya da aka ware wa gidajen rediyo da talabijin na jama'a a cikin ƙasarta. Wanda ya yanke wa 'ya'yansa ba zai ci gaba da biya wa namu ba. Abin da ya sami Nijar a 1979 ya isa ya zame mana gargaɗi.

MU DA DAJINMU

Yanzu mu dawo gida. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona. Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka riƙa watsa darussa ta rediyo da talabijin, aka fara da 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin jarrabawa. Wannan ya nuna cewa in an ga dama, cikin 'yan makonni ana iya haɗa malamai da kyamara. Korona ta wuce, makarantun birni suka koma. Namu na bakin dajin Kamuku da Kuyambana kuwa abin da ya rufe su bai wuce ba.

Ranar 15 ga Maris, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta UBE da ke Rama, a nan ƙaramar hukumarmu, suka tafi da malamai uku. Bayan wannan, wane uba ne zai tura ɗansa da kwanciyar hankali, wane malami ne zai yarda a tura shi ƙauye? A ƙarshen Satumbar shekarar aka katse layukan waya a yankinmu saboda aikin tsaro, muka yi kusan wata biyu babu kira babu intanet. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautarmu ta BEPU ta yi ta kokawa a jaridu cewa 'yan Ansaru suna shiga garuruwan gabashin Birnin Gwari suna wa'azi suna jan matasa. Ranar 7 ga Maris, 2024, aka kwashe ɗalibai a Kuriga da ke ƙaramar hukumar Chikun, maƙwabtanmu a hanyar Kaduna. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara, motoci suka dawo hanya. Mun gode wa Allah. Amma yaron da aka haifa a 2015 ya cinye shekarun koyon karatunsa cikin gudun hijira, kuma buɗe kasuwa ba ya mayar masa da su. Ƙannensa suna tafe a bayansa.

Irin waɗannan yara aka ƙirƙiri talabijin na koyarwa dominsu tun asali: inda malami ya yi ƙaranci, inda iyaye ba su yi boko ba balle su koyar a gida, inda makarantar nazare ta kuɗi ta fi ƙarfin aljihu. Kuma abubuwan da suka kayar da shirin a da, yawancinsu sun sauƙaƙa. Hoton da ya kasa ratso daji daga Kaduna a 1962 yau yana saukowa daga tauraron ɗan'adam kan kowane faranti. Farantin sola da batir suna nan a kasuwa. Katin memori ɗaya zai ɗauki darussan zango guda, kuma ba ruwansa da katse layin waya. Abin da ya rage shi ne wanda zai biya, ya kuma ci gaba da biya.

Mun san akwai masu ja, kuma suna da hujja. Wasu za su ce a gyara azuzuwa a ɗauki malamai tukuna. Haka ne, akwati ba ya goge wa yaro hawaye, ba ya riƙe hannunsa ya koya masa kama fensir. Nijar ma ba ta bar yara da akwati su kaɗai ba, matashin da ke tsaye a ajin shi ne rabin aikin. Wasu za su ce kallo yana lalata yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce awa ɗaya a rana gaban allo. To, yaranmu sun riga sun wuce haka, kuma abin da suke kallo na manya ne. Rabin awa da aka tsara dominsu ya fi awa uku na harbe-harbe. Wasu kuma, musamman iyayenmu malamai, suna tsoron a shigo da tarbiyyar da ba tamu ba. Wannan tsoro shi ne ma babbar hujjar a yi shi da kuɗinmu. Wanda ya biya shi ke da ta cewa. In baitulmalin jiha ne ya biya, malaman addini da iyaye mata da malaman firamare suna da haƙƙin zama a kwamitin da zai duba kowane darasi.

Abin da tarihin nan ya koya mana a taƙaice shi ne a kiyaye wurare huɗu da aikin ya saba karyewa. Na farko, kuɗin ya kasance cikin kasafin ilimi na kowace shekara. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin tushe, kuma ilimin yara kafin firamare yana ciki, don haka ƙofar tana nan. Na biyu, a yi shi da Hausa, kamar yadda manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa. Na uku, kada kuɗin ya ƙare a ɗakin ɗaukar shiri a Kaduna. A yi irin na majigi: akwati da sola da mai kula su isa makarantar ƙauye ko zauren mai unguwa. Muna da matasa masu difloma da NCE zaune ba aiki, sun fi waɗanda Nijar ta yi aiki da su karatu nesa ba kusa ba. Na huɗu, a yi shi tare da hukumar SUBEB da malaman aji, a kuma riƙa auna yara ana faɗa wa jama'a sakamakon, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Mu marubuta ma akwai namu kason. Mun cika kasuwa da littattafan soyayya, amma mu nawa ne muka taɓa zama muka rubuta labarin minti biyar da zai koya wa yaro bambancin "k" da "ƙ", ya kuma sa shi dariya? Ranar da gwamnati za ta ce ta shirya, rubutun za a fara nema. Gara ta same mu da shi a hannu. Kafin nan, duk wanda yake da hanyar isa ga ɗan majalisarmu na jiha ko shugaban ƙaramar hukuma ko sakataren ilimi, ya yi masa tambaya ɗaya: a kasafin bana, nawa aka ware don shirin koyar da ƙananan yara a gidan talabijin na jiha, kuma ta wace hanya zai isa Tabanni da Kazage?

Iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, waɗanda suka ga majigi da idonsu ko suka zauna a ajin da aka kunna darasin rediyo, muna roƙon ku ba mu labarin abin da kuka gani, domin mu a takarda muka karanta. Inda muka yi kuskure a gyara mana.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya raya mana yaranmu bisa ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.